Hanyar Makara a Tsaunukan Ingila

Ranar da aka kai mahaifina makwancinsa, ni ina zaune a bakin gado cikin wani ɗan ɗaki a birnin Sheffield, da waya a hannu. Farkon azumin 2020 ne, a kwanakin nan da Kano ta yi ta binne dattawanta har masu haƙan kabari suka gaji. Ƙanina ya kira ni bayan asuba ya ce, "Yaya, sai dai haƙuri, Baba lokaci ya yi." Kafin azahar an yi masa wanka, an sallace shi a ƙofar gida, an kai shi. Ko da ina da kuɗin jirgi a aljihu, babu jirgin da zan hau, domin tun 23 ga Maris aka rufe filayen jiragen saman Najeriya ga masu zuwa daga waje, a ranar ce kuma Ingila ta shiga nata kullen. Ni ne babban ɗansa namiji. Ban kama makararsa ba, ban zuba masa ƙasa ba, ban zauna a tabarma an zo an yi mini gaisuwa ba.

Karatun digiri na uku ne ya kawo ni ƙasar nan a 2018. Matata da 'yarmu na bar su a Kano. Don in riƙa samun na cefane ina tura musu, na kama aikin dare a wani gidan kula da tsofaffi, kuma a watannin nan na korona gidan ya zama wurin da ba na son tunawa. An hana 'yan uwa shiga. Tsoho zai kai gargara, 'ya'yansa suna can waje, sai dai a kara masa waya a kunne. Da hannuna, cikin safar roba, na riƙe hannun iyayen wasu har rai ya fita. Nawa uban kuwa ban ga fuskarsa ba.

Abin da ya fi damuna shi ne hawaye sun ƙi zuwa. Mutane sun yi ta kira suna ta'aziyya, ina amsawa yadda aka saba, "Amin, na gode, Allah ya ba da lada." Aka yi sadakar uku, aka yi ta bakwai, kira ya ragu, duniya ta ci gaba. Ni kuwa sai wani abu ya tsaya mini a ƙirji kamar na haɗiyi dutse. Barci ya ƙaurace mini. In na dawo daga aiki da safe sai in rufe labule in kwanta ina kallon rufin ɗaki. Littafin da nake rubutawa na yi wata uku ban ƙara masa layi ɗaya ba. Salla ina yi, amma Allah ya sani gangar jiki ce kawai ke ruku'u da sujada. Duk lokacin da Umma ta tambaye ni a waya, sai in ce lafiya lau, don nata nauyin ya ishe ta.

A gidan da ke jikin namu akwai wani tsoho Bature da ya haura saba'in, matarsa ta rasu da daɗewa. Ya yi ƙuruciyarsa kaf a masana'antar ƙarfe, irin waɗanda suka yi wa Sheffield suna a duniya kafin a rufe yawancinsu. Lokacin kulle ni nake yi masa cefane in ajiye a bakin ƙofa. Ya sha ce mini in riƙa kiransa da sunansa na yanka kamar yadda suke yi, bakina ya kasa. Sa'an ubana ne. Sai na fassara masa kalmar Dattijo, ya ce ta yi masa, shi kuma yana ce mini "yaro" irin na tsofaffin garin.

Wata Alhamis cikin Agusta ya ƙwanƙwasa mini ƙofa. Yana riƙe da wasu manyan takalma masu kaurin ƙasa, na ɗansa da ya koma Ostareliya. Ya ce, "Gwada su, yaro. Ranar Asabar ƙarfe takwas za mu tashar jirgin ƙasa. Ka zo da ruwa da abin da za ka ci." Ban ce masa komai game da halin da nake ciki ba, amma katangar da ke tsakaninmu siririya ce, ya ce kullum yana jin takuna cikin dare ina kai da komo.

Na girma a gindin Dala. Muna yara mukan hau mu yi wasa, manya su koro mu. Tun da na yi hankali ban sake takawa ba, domin a tunanina hawan dutse na yara ne da masu kiwo. Tafiya a wurinmu sai da dalili: gona, kasuwa, zumunci, jana'iza. Na bi shi ne don kunyarsa kawai.

Jirgin da ke tafiya Manchester ta kwarin Hope muka shiga, kowa da takunkumi a fuska. Bayan an bar gari kaɗan sai jirgin ya kutsa cikin ramin Totley, wanda aka haƙa ƙarƙashin tsauni tun zamanin Sarauniya Biktoriya, tsawonsa ya fi kilomita 5. Duhu na 'yan mintuna, sai ƙarar ƙarfe. Da muka fito ta Grindleford sai na ga kamar an canja duniya. Shekara biyu ina Sheffield, daga ɗaki sai jami'a sai masallaci sai wurin aiki, ban san akwai irin wannan wuri rabin awa daga ƙofata ba. Kore ta ko'ina, tumaki a warwatse, gonaki an yanka su da katangun duwatsu da aka jera ba siminti ba laka. Can saman tsaunuka kuma wani shunayya ya rufe, furen wata ciyawa ce da ke buɗewa a watan Agusta. Muka wuce Hathersage, Bamford, Hope, muka sauka a Edale.

Da muka fara tafiya na tsaya turus a bakin wata 'yar ƙofar katako. Bayanta gonar mutum ce, ga tumakinsa, ga gidansa ana hange. Na ce, "Dattijo, ai wannan gonar wani ce." Ya nuna mini wata alama mai kibiya rawaya a jikin gungume. Ya ce hanyar jama'a ce, doka ta san da ita, mai gona ba shi da ikon toshe ta, mu kuma ba mu da ikon kauce mata mu tattake masa amfani. Ka buɗe ƙofa, ka wuce, ka mayar da ita yadda ka same ta. Nan take burtali ya faɗo mini a rai, hanyar da ake bari tsakanin gonaki don shanu su wuce, da irin jinin da ake zubarwa a ƙasarmu tun da aka fara cinye shi da noma. Wasu daga cikin hanyoyin nan sun fi shekara ɗari biyar ana bin su, kuma ga su nan a zane a taswira, kowa na iya nuna su da yatsa.

Sai gaisuwa. Wannan ban zata ba. A cikin gari za ka haɗu da mutum a matattakala kafaɗa na gugar kafaɗa, ya kawar da kai. Na daɗe da saba wa kaina da haɗiye sallama. Amma a kan hanyar nan duk wanda muka yi kiciɓis da shi sai ya ce barka da safiya, wani ya tsaya ya yi maganar iska, wata ta ce mana saura ƙiris. Bahaushe ya san abin da gaisuwa take nufi. Wata huɗu rabona da in ji wani baƙo ya dube ni ya yi mini fatan alheri fuska da fuska.

Hawan ya ba ni wuya. Numfashina ya riƙa sarƙewa, cinyoyina suna zafi, tsohon da ya girme ni da shekara arba'in yana gaba da sandarsa, taki ɗaya bayan ɗaya, ba ya sauri ba ya tsayawa. Sau biyu ina ganin kamar mun iso, sai mu hau mu tarar da wani tudun a gaba. Na ce masa a garinmu akan ce hangen Dala ba shiga birni ba, na fassara masa. Ya maimaita kalmar Dala sau biyu don ya riƙe ta.

Mam Tor sunan dutsen, tsayinsa mita 517. Ana cewa ma'anar sunan uwar duwatsu, domin gefensa na gabas ya daɗe yana zaftarewa yana haifar da ƙananan tuddai a ƙasa. Jikinsa hawa-hawa ne, dutse mai ƙarfi a kan mai laushi, in ruwa ya shiga tsakani sai ya zame. Daga sama Dattijo ya nuna mini tsohuwar hanyar mota da ta bi ta gindinsa. An yi ta gyara tana karyewa, har a 1979 hukuma ta haƙura ta bar wa dutsen. Kwaltar tana nan ta tsattsage, wani ɓangare ya nutse ƙasa da wani kamar matattakala. A kewayen ƙololuwar kuma akwai alamun ganuwa da gwalalo na mutanen da suka zauna a nan kimanin shekara 3,000 da suka wuce. Na tuna yadda aka ce mutanen farko na Kano ma a kan Dala da kewayensa suka zauna.

A tsakiyar ƙololuwar akwai wani ɗan ginshiƙi da bai kai ƙirjina ba. Irinsu dubbai ne a kan tsaunukan Birtaniya, masu zana taswirar ƙasa suka fara kafa su a 1936 don awo, yanzu kuwa duk wanda ya iso sai ya ɗora hannu a kai. Na ɗora nawa. Iska tana kaɗawa kamar za ta ɗauke mutum. Ta arewa ga kwarin Edale da muka fito, bayansa wani ƙaton tsauni mai shimfiɗaɗɗen kai, baƙi-baƙi, Kinder Scout. Ta ɗaya gefen ga ƙauyen Castleton, ga dogon bututun masana'antar siminti ta Hope yana tsaye shi kaɗai a cikin kore. Jirgin ƙasa ya ratsa kwarin kamar zare. Idona ya yi wata huɗu bai ga abin da ya wuce bangon ɗaki da fuskar waya ba, sai ga shi an sake shi.

Daga nan muka bi ƙashin bayan tsaunin, wata shimfiɗaɗɗiyar hanya da aka jera wa faffaɗan duwatsu, kwari a dama kwari a hagu. Muka gangara zuwa inda ya fi ko'ina ƙasa, wurin da hanyoyi suka haɗu, ana ce masa Hollins Cross. Dattijo ya zauna a kan ciyawa ya buɗe flas ɗin shayinsa. Yana zubawa yake ba ni labari, ba tare da ya san inda maganar za ta sauka ba. Ya ce a da mutanen Edale ba su da coci ba su da maƙabarta, sai a ƙarni na 17 suka samu nasu. In an yi musu rasuwa, sai maza su ɗauki gawar a kafaɗa su hauro ta wannan hanyar da nake gani, su tsallaka ta daidai inda muke zaune, su gangara da ita Hope a binne. Ko ana ruwa ko ana dusar ƙanƙara. Har yau ana kiranta hanyar makara.

Na dubi hanyar. Siririya ce, ta miƙe tsaye daga kwarin, mutum shi kaɗai ma sai ya yi haki. Na ga mutum huɗu da makara, wani ya gaji wani ya karɓe shi, ɗan mamacin yana gaba ya ƙi sakin nasa gefen. Na ga lungunmu, na ga jama'a sun fito da Baba, hannuwa suna miƙowa kowa yana son ya samu ladan ɗauka, gefen da ya kamata in riƙe wani ne ya riƙe.

Ban san lokacin da kukan ya ƙwace mini ba. Irin kukan da ban yi ba tun ina yaro, da sauti, har jikina yana rawa. Mutane suna wucewa, babu wanda ya tsaya kallo. Dattijo bai ce in yi haƙuri ba, bai tambaye ni komai ba. Ya ajiye kofin shayi kusa da ƙafata ya juya yana kallon kwarin. Da na samu kaina na gaya masa duka. Ya yi shiru, can ya ce lokacin da matarsa ta rasu, shekara guda cur duk Lahadi yana kan wannan dutsen, domin a nan ne kawai yake iya yi mata magana.

Na yi alwala da ruwan gorata, na duba alƙibla a waya, tana kudu maso gabas daga ƙasar nan, na shimfiɗa rigata a kan ciyawa na yi azahar. Na daɗe a sujada. Na roƙa wa Baba gafara da sunansa, na roƙi Allah ya yalwata masa kabarinsa, na kuma ji a karon farko cewa addu'ar daga cikina take fitowa. A daren nan na yi barcin awa tara.

Daga ranar, duk Asabar da ba ni da aiki muna kan hanya. Muka ƙarasa ƙashin bayan har Lose Hill, muka hau Win Hill inda ake hango madatsar ruwa ta Ladybower, muka bi bakin Stanage, doguwar katangar dutse da ke saman Hathersage. A gindinta na ga manyan duwatsun niƙa, zagayayyu da rami a tsaka, an sassaƙa su an gama aka bar su a cikin ciyawa da kasuwarsu ta mutu. Dutsen niƙan nan shi ne tambarin gandun Peak District baki ɗaya, wato yankin da ya ƙunshi duk waɗannan tsaunuka.

A cikin waɗannan tafiye-tafiyen na gane cewa hanyoyin da nake takawa ba kyauta aka ba talaka ba. Dattijo ya ce a zamanin mahaifinsa, saman tsaunukan nan mallakin masu sarauta da masu dukiya ne, sun killace su don harbin wata tsuntsuwa mai kama da fakara, 'yan kwanaki a shekara. Leburorin Sheffield da Manchester da suka kwana shida suna shaƙar hayaƙi, in sun fito ranar Lahadi neman iska, sai masu gadi su tare su da sanduna. Ranar 24 ga Afrilu 1932, wasu ɗaruruwan matasa ƙarƙashin wani makanike ɗan shekara 20 mai suna Benny Rothman suka tashi daga Hayfield suka hau Kinder Scout da gangan, da rana tsaka. Aka yi dambe da masu gadi, aka kama wasu, biyar suka tafi kurkuku na watanni. Hukuncin ya fusata jama'a fiye da yadda masu ƙasar suka zata. A 1949 aka yi dokar gandayen ƙasa, a 1951 Peak District ya zama na farko a Birtaniya, amma cikakken 'yancin yawo a saman irin waɗannan tsaunuka sai a dokar shekarar 2000 aka same shi. Shekara 68 tsakani. Ƙololuwar Lose Hill kuwa masu yawon Sheffield ne suka haɗa kuɗi suka saya a 1945 suka ba jagoransu G.H.B. Ward, shi kuma ya miƙa ta ga National Trust, ƙungiyar da ke kula da filaye da wuraren tarihi, don ta zama ta kowa. Duk lokacin da Dattijo yake wannan labari sai muryarsa ta canja, kamar mai ba da tarihin gidansu.

Labarin ya yi mini amfani wata rana da ba na tare da shi. Ina zaune a gefen hanya ina cin abinci, wani mutum da karensa ya zo wucewa, ya dube ni sama da ƙasa ya ce irinmu ba mu da abin yi a nan, mu koma inda muka fito. Raina ya ɓaci ƙwarai, na yini da abin. Amma ban sauka ba. Na tuna an taɓa gaya wa mahaifin Dattijo irin wannan magana a kan dutsen nan, shi da aka haifa a gindinsa. A Kirsimetin 2021 ƙungiyar Musulmi masu yawon tsaunuka, Muslim Hikers, wadda Haroon Mota na Coventry ya kafa, ta kai mutum fiye da ɗari Mam Tor, mata da hijabansu, maza da gemunsu. Da hotunan suka fita a Facebook wasu suka yi musu ca da zagi, wasu masu yawa kuma suka tsaya musu. Na karanta duka biyun, kuma duka biyun na gan su da idona. Gaskiyar da zan faɗa ita ce, a cikin ɗaruruwan mutanen da na haɗu da su a kan tsaunukan nan, mutum ɗaya ne ya faɗa mini baƙar magana. Ban manta da shi ba, amma ba zan bar shi ya shafe sauran ba.

Dutse kuma ba ya wasa, wannan na koya da jikina. A Nuwamban 2021 gwiwar Dattijo ta fara ba shi matsala, na tafi Kinder Scout ni kaɗai. Shi ne mafi tsayi a yankin, mita 636. Na bi farkon Pennine Way, doguwar hanyar da ta tashi daga Edale ta yi kilomita fiye da 400 har cikin Sikotilan, na hau matattakalar duwatsun da ake kira Jacob's Ladder, na bi baki-baki har Kinder Downfall, inda ruwa ke zubowa daga sama, in iskar yamma ta yi ƙarfi sai ta mayar da shi sama kamar hayaƙi. Na gan shi yana komawa, na tsaya ina tasbihi har lokaci ya ƙure mini. Sai na yanke shawarar in ratsa ta tsakiyar tsaunin don in rage hanya.

Saman Kinder ba dutse ba ne. Baƙar ƙasa ce mai laushi ta ruɓaɓɓen tsiro da ta taru shekaru dubbai, ruwa ya yayyanka ta da kwazazzabai masu zurfin da ya fi tsayin mutum, kowanne kamar ɗan uwansa. Ina tsakiya hazo ya sauko. Ba irin hazon hunturunmu mai ƙura ba, wannan jiƙaƙƙe ne, fari fat, taku goma ba ka gani. Na ciro waya in duba taswira, sanyi ya shanye batirin ta mutu a hannuna. Ƙafata ta nutse a taɓo har gwiwa. A watan nan ƙarfe huɗu da 'yan mintuna rana take faɗuwa. Na hau wannan kwazazzabo na sauka wancan, na dawo na tarar da sawun takalmina. Tsoro ya kama ni sosai. Na tuna 'yata, na tuna cewa ban gaya wa kowa inda na nufa ba, na ce ashe ni ma za a iya kiran Umma a waya a ce sai haƙuri. Na tsaya wuri ɗaya ina "La ilaha illa anta subhanaka inni kuntu minaz zalimin," ina kuma ɗaga murya ina kira.

Haushin kare na fara ji. Wasu mata biyu ne, uwa da 'yarta, da taswirar takarda a cikin leda da kamfas a wuya. Uwar ta ba ni shayi mai zafi da wata rigar sanyi daga jakarta, ta sa ni a tsakiyarsu, tana duba allurar kamfas tana ƙirga taku har muka fito bakin tsaunin muka gangara Edale da fitilar goshi. A hanya ta gaya mini cewa in irin haka ta sake faruwa, a kira 999 a nemi 'yan sanda a ce masu ceton kan dutse ake so, kuma mutanen nan 'yan sa kai ne, ba a biyansu ko sisi, daga wurin aikinsu ko gadonsu suke tasowa. Ban san sunanta ba har yau. Ina sa ta a addu'a, Allah ya shirye ta ya saka mata.

Dattijo ya yi mini faɗa irin na uba, har idonsa ya kawo ruwa. Washegari ya shimfiɗa taswira a teburin kicin ɗinsa ya koya mini karanta layukan da ke nuna tudu da gangare, da yadda ake ɗora kamfas a kai. Ya ce kada in sake fita sai na rubuta masa a takarda inda za ni da lokacin da zan dawo, in tura ta ƙarƙashin ƙofarsa. Har yau ina yi. Shi yanzu ba ya iya hawa. In na dawo sai in shiga in zauna, in ba shi labarin hanyar tun daga tasha, wace ƙofa aka gyara, ina taɓo ya yi yawa, ko 'yan raguna sun fara fitowa. Yana lumshe ido yana gyara mini sunayen wurare.

Sai a 2022 Allah ya nufa na je gida. Na sauka da dare, da safe ƙanina ya kai ni maƙabarta. Kabarin ya riga ya kwanta, ba don shi ba da ban gane shi ba. Na yi addu'a, na daɗe a tsugune. Da la'asar na ce masa ya zo mu hau Dala. Ya dube ni ya ce, "Yaya, lafiya?" Na ce lafiya lau, ya dai zo.

Muka bi matattakalar. Rabona da wurin ya fi shekara ashirin. Daga sama ga birnin nan a shimfiɗe, jar ƙasa da kwanon rufi, ga Goron Dutse, ga hasumiyoyin babban masallaci can wajen gidan Sarki, hayaƙin girkin yamma yana tashi daga gidaje. Na nemo rufin gidanmu da ƙyar. Na ce wa ƙanina ya nuna mini ta inda aka bi da Baba.

Ya miƙa hannu ya fara. Ga inda aka sallace shi. Daga nan aka shiga wancan lungun, aka fito ta bakin masallacin unguwa, inda ya yi shekara talatin yana salla a sahun farko. Aka bi ta gaban shagon mai shayin da yake zama da hantsi. Ya ce duk da dokar kulle mutane sun fito, wasu daga ƙofar gidajensu suka tsaya suna addu'a. Yatsansa yana tafiya a hankali a kan rufin gidaje, ina binsa da ido, lungu bayan lungu, har ya tsaya can wajen Ƙofar Mazugal.

Na ce, "Wa ya riƙe gaba ta dama?"

Ya ce, "Ni ne, Yaya. Tun daga gida har can ban saki ba. An so a karɓe ni, na ce wannan gefen naka ne."

Muka zauna a kan dutsen har aka fara kiran magariba, masallaci ɗaya ya ɗauka, wani ya karɓa, har birnin ya cika. Sannan muka sauko.